Rusau A Birnin Ikko: Ina Talaka Zai Sa Haƙarƙarinsa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Obalende da misalin ƙarfe shida na safe ya ga abin da ake kira ambaliyar mutane. Motocin danfo na ta amayar da su, wasu daga Agege, wasu daga Ikorodu, wasu daga Okokomaiko, wasu ma daga Sango-Ota da Mowe, garuruwan da ba su ma cikin Jihar Legas. Ga birkila da cokalinsa cikin buhu, ga kuku, ga direba, ga mai shara, ga masinja, ga malamar asibiti. Yawancinsu tun kafin kiran assalatu suka bar gida 'ya'yansu na barci, in sun koma da dare kuma su tarar da su suna barci. Su ne ke gina Ikoyi da Tsibirin Victoria da Lekki, su share su, su dafa abincin masu su, su yi gadinsu. Amma da zarar rana ta faɗi, sai waɗannan unguwanni su koro su waje kamar ba a taɓa sanin juna ba.

Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba. Ko shakka babu yawan jama'a na da nasa kaso. Ƙidayar 1963 ta ce mutanen birnin Ikko kimanin 665,000 ne. Ta 2006 ta ba Jihar Legas miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar kuwa ta ce allambaran, mutanenta sun kai miliyan 17 da rabi. Amma yawa kaɗai bai isa ya sa kullum talaka na ƙara nisa da wurin neman abincinsa ba. Abin da ya jawo haka wata ɗabi'a ce da mahukuntan Ikko suka gada daga Turawa, suka kuma riƙe ta gam, na soja da na farar hula. Duk sa'ad da unguwar talakawa ta tsone musu ido, sai a kira katafila. Yau shekara saba'in ke nan ana ɗirka wa birnin wannan magani, ciwon kuwa sai gaba yake yi. Ai ya ci a ce an tsaya an tambaya ko maganin ne ba daidai ba.

Abin ya samo asali ne daga annobar nan da ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a Ikko cikin 1924 ta yi ta kisa shekara da shekaru. Saboda ita ne Turawa suka kafa Hukumar Raya Birnin Ikko, watau LEDB, a 1928, aka ɗora mata aikin share unguwannin da suka cushe. Da mulkin kai ya matso, sai manya suka ga bai kamata baƙi su zo babban birnin Nijeriya su tarar da lunguna da kwatami a tsakiyarsa ba. Don haka a 1955 aka soma rushe wani yanki mai faɗin kimanin eka 70 a tsakiyar tsibirin, aka kwashi mazaunansa zuwa sababbin gidajen da aka gina musu a Surulere, can hayin Gadar Carter, wadda a lokacin ita kaɗai ce hanyar mota tsakanin tsibirin da tudu.

In don gini ne, babu mai kushe gidajen Surulere. Na bulo ne, ga famfo, ga ban ɗaki, ga fili a gaba, iska na shiga ta ko'ina. Wanda ya dube su ya dubi inda aka baro, zai ce an yi wa mutanen nan gata. To amma wani Baturen Ingila mai binciken zaman jama'a, Peter Marris, ya bi su gida gida ya tambaye su, ya kuma fitar da littafi a 1961 a kan abin da ya tarar. 'Yan kasuwa da masu sana'ar hannu sun rasa abokan cinikinsu, domin sabuwar unguwar ba ta da jama'ar da ke kai da komowa. Ma'aikata sun koma biyan kuɗin mota kullum zuwa wurin da a da suke takawa da ƙafa. Kuɗin haya ya fi na da, bashinsa ya taru a kan mutane da yawa. Dangin da ke zaune gida guda ko lungu guda sun watse, tsohuwar da a da 'ya'ya da jikoki ke leƙa ta safe da yamma ta koma sai an samu sukuni. Watau an ba mutane ɗaki mai kyau, an karɓe musu abin da ke riƙe da rayuwarsu.

A nan ne mai zanen gini da talaka suka sha bamban, kuma har yau ba su daidaita ba. Shi mai zane in ya ce gida, yana nufin bango da rufi da taga, abin da za a auna da tef a rubuta a takarda. Ga talakan birni kuwa, gida ya wuce nan. Ƙofar ɗakinsa ita ce shagon matarsa, inda take tuyar ƙosai ko ta kasa tumatir. Mai tiredar da ke bakin lungu ya san shi shekara goma, zai ba shi garin kwaki bashi har ƙarshen wata. Maƙwabciya za ta riƙe yaro in uwarsa ta tafi kasuwa. Uwar adashi ta san inda kowa yake kwana, shi ya sa ta yarda da shi. Ɗan kwangilar da ke neman lebura ya san kwanar da zai tsaya da asuba ya ɗebi mutum goma. Babu ɗaya daga waɗannan da ke fitowa a taswirar ofishin tsara gari, amma katafila duk tana haɗawa da su ta niƙe.

Kai, ko irin gidan hayar nan da ya cika Mushin da Ajegunle da Agege, wanda mutanen Ikko ke yi wa laƙabi da ka-fuskance-ni-in-fuskance-ka, yana da tasa hikimar. Ɗakuna ne jere biyu suna kallon juna, siririyar hanya a tsakiya, madafa da ban ɗaki na kowa da kowa a can baya. Ba wanda zai ce da daɗi. Layin wanka da safe kaɗai ya isa ya haddasa gaba ta shekara guda. Amma shi ne ginin da ya ba baƙo mai ƙaramin ƙarfi damar kama ɗaki ɗaya tak kusa da wurin aikinsa, kuma ƙananan masu gidaje ne suka gina shi da guminsu, bulo bayan bulo, ba tare da rancen banki ko kwabon gwamnati ba. Irinsa ya ba talakawan Ikko makwanci fiye da duk rukunin gidajen da hukuma ta taɓa yanka wa ƙyalle.

Da an ɗauki darasin Surulere da an huta, sai dai ina. A 1973 gwamnatin soja ta tashi mutanen wani ƙauye da ake kira Oluwole a Iganmu, domin gina Babban Ɗakin Wasanni na Ƙasa inda aka yi bikin FESTAC na 1977. Aka nuna musu Badia, wuri mai fadama, suka cike shi suka kafa sabuwar rayuwa. Bayan shekara arba'in, cikin Fabrairu 2013, katafila ta sake iske Badia ta Gabas, ta baje gine-gine 266, kusan mutum 9,000 suka wayi gari a fili bisa lissafin ƙungiyar Amnesty International. Abin mamaki, Badia na cikin unguwanni tara da aka ware domin a gyara su a ƙarƙashin wani shiri na dala miliyan 200 da Bankin Duniya ya ranta wa jihar. An ci bashi da sunan gyara musu unguwa, sa'an nan aka kore su daga cikinta.

Amma uwa-uba a tarihin rusau a ƙasar nan ita ce Maroko. Unguwa ce da ke maƙwabtaka da Tsibirin Victoria da Ikoyi, mazaunanta kimanin mutum 300,000, watau sun fi mutanen manyan garuruwa da dama a lokacin. Akwai masunta, akwai ƙananan ma'aikatan gwamnati, akwai direbobi da kukuna da masu wanki na manyan gidajen da ke kusa. Cikin Yuli 1990 gwamnan soja na jihar, Kanar Raji Rasaki, ya ba su wa'adin kwana bakwai. Ran 14 ga watan katafiloli suka shiga tare da jami'an tsaro, ana tsakiyar damina, kafin ƙarshen wata babu sauran Maroko. Hujjar da aka bayar ita ce wurin kwari ne, ruwa na cinye shi, kuma matattarar cututtuka ne, saboda haka don lafiyar mutanen aka yi.

To, mai karatu ya bi sawun abin da ya biyo baya. Kaɗan daga masu gidaje aka ba matsuguni a Ilasan da Ikota da Epe, a wasu gidajen gwamnati da yawancinsu ba a ma gama ba, wasu ba ƙofa ba taga. 'Yan haya, waɗanda su ne mafi yawa, babu wanda ya ko rubuta sunansu. Filin kuwa da aka ce ba ya zaunuwa, sai ga tifofi suna ta juye yashi, aka cike shi, aka yanka shi fuloti fuloti. Yau wurin na cikin filaye mafi tsada a Nijeriya, cike da otal-otal da manyan kantuna da dogayen benaye. Ashe kwarin na cikuwa. Ashe yashi ne kawai ba a ga dama a zuba ba sa'ad da talaka ke zaune a kai. A cikin shekarar nan ta 1990 kuma aka buɗe doguwar gadar nan ta uku, Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12. An kori ma'aikata daga bakin tsibirin, an kuma shimfiɗa musu hanyar da za su riƙa zuwa daga nesa.

Adalci ne a saurari gwamnati, domin ba duk maganarta ce shirme ba. Gaskiya ne akwai gidajen da aka gina a kan magudanar ruwa, da waɗanda ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, da waɗanda ke kan bututun mai. Gaskiya ne akwai benayen da suka tsufa har sun zama tarko. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene ya rufta a Ita Faji cikin tsibirin, ga makarantar firamare a samansa, mutum kusan 20 suka mutu, da yawansu yara ƙanana, alhali kuwa an ce tun tuni aka yi wa ginin alamar rushewa. Wanda ya ga iyayen nan suna tonon ƙasa da hannu ba zai ce kada a taɓa rushe kome ba har abada. Gwamnatin da ta ga gini zai kashe mutane ta kau da kai, ita ma ta ci amana.

Sai dai rushe bene guda da injiniya ya duba ya ce ya lalace daban, share unguwa sukutum da masallatanta da coci-cocinta da makarantunta daban. Kuma in haɗari ake gudu, ai ba a unguwar talakawa kaɗai yake kwana ba. Ran 1 ga Nuwamba 2021, a Titin Gerrard da ke Ikoyi, unguwar masu hannu da shuni, wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa ya zube, mutum sama da 40 suka rasu, akasarinsu leburori da masu sana'ar hannu da suka zo neman na tuwo. Ba a ji wanda ya ce a ba Ikoyi wa'adin kwana bakwai ba. Haka kuma cikin Yuli 2017 ruwa ya shanye titunan Lekki da Tsibirin Victoria har aka ga mutum na tuƙa ƙaramin jirgin ruwa a kan kwalta, amma maganin da aka kawo shi ne yashe magudanai. Can bakin teku kuwa ga Eko Atlantic, sabon birnin da aka yi ta ɗebo yashi daga ƙarƙashin teku ana ginawa, aka kange shi da katangar duwatsu mai tsawon kilomita da dama. Birnin da ya iya ƙwato ƙasa daga bakin teku ba zai ce lambatun Ajegunle ya gagare shi ba.

Sauran hujja ita ce ta tsaro, wadda aka fito da ita a 2016. Cikin Oktoba na shekarar, bayan an sace ɗalibai da malamai a wata makaranta a yankin Epe, Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwar za a rushe duk unguwannin bacoci da ke bakin ruwa, wai maɓoyar masu satar mutane ce. Mutanen suka garzaya kotu, kotu ta ce a dakata. Duk da haka cikin Nuwamba aka cinna wuta aka kuma sa katafila a Otodo Gbame, wata unguwar masunta a Lekki, kimanin mutum 30,000 suka rasa matsuguni. Aka koma cikin Maris 2017, aka sake komawa cikin Afrilu, har sai da aka kora ragowar cikin kwale-kwale suna shawagi a kan ruwa da jarirai da tukwane. Cikin Yuni 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke hukunci cewa korar mutane ba tare da isasshiyar sanarwa da wani matsuguni ba zalunci ne da cin mutunci, kuma ya saɓa wa tsarin mulki. Hukunci mai kyau, amma ihu bayan hari. In akwai ɓarayi goma a unguwa, aikin 'yan sanda ne su kamo goman nan. Ba a taɓa jin an ƙone kasuwa don an ga ɗan sane a ciki ba.

Me ya sa abin ke da sauƙi haka? Amsar na cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta cikin sauƙi. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Niyyar mai kyau ce, a hana 'yan kaɗan haɗiye filaye. Amma ta ba gwamna ikon soke mallaka da sunan amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da aka gina ko aka shuka ce, ba ta filin kansa ba. Samun takardar mallaka kuwa sai mai kuɗin safiyo da lauya da haƙurin zirga-zirgar ofis ofis. Saboda haka mutumin da kakansa ya cike fadama ya zauna tun kafin a haifi gwamnan, a idon ofis ɗan share-wuri-zauna ne, wanda ya zo jiya da takarda kuwa shi ne mai wuri. Ɗan haya kuma ko a wannan lissafin ba ya ciki.

An yi ƙoƙarin taimakon ɗan haya a 2011, sa'ad da jihar ta yi dokar da ta hana karɓar kuɗin hayar da ya wuce na shekara ɗaya daga sabon mai kama gida. Madalla. Amma dokar da kanta ta tsame Ikoyi da Tsibirin Victoria da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja, sa'an nan a sauran wurare, inda mutum ashirin ke rububin ɗaki guda, wa zai kai mai gida ƙara? Mai neman ɗaki zai biya abin da aka yanka masa, ya biya la'adar dillali, ya biya kuɗin yarjejeniya, ya biya na ajiya ko da zai ɓata wani abu, ya kuma yi godiya. Kowane rusau ƙara yawan masu rububin nan yake yi. Wanda aka kora daga Maroko ko Badia ba ya ɓacewa, ba kuma ya komawa ƙauye, domin abin da ya koro shi daga can na nan. Ɗan'uwansa zai matsa masa a ɗakin da da ma mutum shida ke ciki, ko ya je bakin wata fadamar ya kafa sabuwar baca. An sayar da biri an sayi kare, tsugune ba ta ƙare ba.

Mutanen Arewa mazauna Ikko sun san wannan karatu ba sai an biya musu ba. Banda tsofaffin zangonni irin na Agege da Idi-Araba, inda wasu iyalai suka yi kaka da kakanni, akwai dubban samari da ke aikin gadi, da leburanci, da turin ruwa, da dako a kasuwar Mile 12. Da yawansu ba su ma kai matsayin ɗan haya ba. Mai gadi na kwana a ɗan akurkin da ke bakin ƙofa, wanda mai zanen gidan ya ba shi faɗin da bai kai na ɗakin janareta ba. Lebura na kwana a kangon da yake ginawa, ran da aka shafa fenti kuwa ran nan zai naɗe tabarmarsa ya nemi wani kangon. Irin waɗannan in bene ya rufta da su, har lissafin gawa ma yakan yi gardama, domin babu rajistar da ke ɗauke da sunansu.

Kada kuma a ce halin Ikko ne kaɗai. Cunkoson Ikko na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Murtala Mohammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka kuma tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991. An samu fili fetal da damar gyara kuskure. Sai ga shi an zana birnin manyan ma'aikata da jakadu, aka bar masinja da birkila su nemi Nyanya da Karu da Mararraba, su riƙa kwana a gosulo safe da yamma.

Akwai wanda ya gwada wata hanyar a Ikko, kuma ya cancanci a ambace shi. Alhaji Lateef Jakande, gwamnan jihar daga 1979 zuwa 1983, ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Oke-Afa da Dolphin da sauran wurare, cikin shekara huɗu da 'yan watanni. Ba su da ƙawa, masu zanen gini ma sun sha yi musu dariya, amma malaman makaranta da akawuna sun mallaki gida ta dalilinsu, har yau kuma da sunansa ake kiransu. Ya kuma soma shirin jirgin ƙasa na cikin gari, wanda gwamnatin soja ta soke a 1985. Sai a Satumba 2023 jirgin farko ya soma ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, na Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya a 2024. Shekara kusan arba'in ke nan da talaka ya biya da barcinsa. Amma ko Jakande bai iya gina wa kowa ba, kuma babu gwamnatin da za ta iya, domin kafin ta gama rukuni ɗaya wasu dubbai sun sauka a tasha.

Tun da haka ne, abin da ya rage shi ne a gyara wa mutane inda suke, kuma ba sabon abu ba ne a duniya. A Jakarta, babban birnin Indonesiya, Gwamna Ali Sadikin ya soma wani shiri a 1969 na shiga tsofaffin unguwannin talakawa a shimfiɗa musu hanyar ƙafa ta kankare, a haƙa magudanai, a kafa famfo da ban ɗakin jama'a da ƙaramin asibiti, a bar gidajen a hannun masu su. Da mutane suka ga ba korarsu za a yi ba, sai suka shiga sauya katako da bulo da kuɗin aljihunsu. Shirin ya ci lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1980. Ba a ce Jakarta ta zama aljanna ba, ita ma daga baya ta yi nata rusau ɗin, amma miliyoyin mutane sun amfana. A Karachi ta Pakistan kuma, a unguwar Orangi, Dokta Akhtar Hameed Khan ya soma a 1980 da haɗa kan mazauna kowane lungu, su tara kuɗi su binne bututun ƙazanta da hannunsu bisa shawarar masana, a bar wa hukuma babban bututun da zai kwashe na lungunan duka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in an ba shi tabbacin ɗakin zai kwana nasa.

Wannan tabbaci shi ne jigon maganar. Ba wanda zai zuba siminti a inda yake jiran katafila, shi ya sa unguwar da aka daɗe ana yi wa barazana take daɗa lalacewa, sa'an nan a nuna lalacewar a ce ga dalilin rushe ta. Makoko, unguwar masuntan nan da ke kan ruwa wadda duk mai bin gada ta uku ke hangowa, ta fi shekara ɗari a wurin. A 2012 an ba wani sashenta wa'adin awa 72 aka sassare gidajen. A shekarar da ta biyo baya wani mai zanen gini, Kunle Adeyemi, ya gina musu makaranta mai yawo a kan ruwa bisa gangunan roba, mujallun Turai suka yi ta buga hotonta, ta kuma rushe da ruwan sama a 2016. Tsakanin adda da kyamara, abin da mutanen ke roƙo bai sauya ba: takardar zama, ruwan sha, da inda za a zubar da shara.

Majalisar Dokokin Jihar da ke Alausa na da abin yi a nan, kuma ba sai ta jira Abuja ta gyara dokar 1978 ba. Hukuncin kotu na Yuni 2017 na nan a rubuce, sai a mai da shi doka mai haƙora. Kafin a taɓa kowace unguwa a ƙidaya mutanen cikinta gida gida, da masu gida da 'yan haya, a manna sunayen a bainar jama'a. A nuna inda za su koma, wurin da ke da rufi da ruwa, kuma ba mai nisan da zai raba mai kamun kifi da ruwa ko 'yar kasuwa da kasuwarta ba. A haramta rusau da damina da kuma cikin zangon karatu. Jami'in da ya sa katafila alhali akwai umarnin kotu a hana, a gurfanar da shi da sunansa, ya biya daga aljihunsa. Duk filin da aka karɓa da sunan amfanin jama'a, in aka juya aka sayar wa masu gina gidajen alfarma, a wajabta musu ware kaso na ƙananan ɗakuna domin waɗanda aka tasa, su kuma fara zaɓa. Unguwannin da suka shekara ashirin ko talatin a wuri, in ba kan bututun mai ko hanyar ruwa suke ba, a ba su takardar zama ta gamayya da sunan unguwar, yadda dillali ba zai bi su ɗaya ɗaya ya saye ba, sa'an nan a tura musu injiniyoyin magudanar ruwa.